Sai Ta Faɗa da Bakinta

Tun kafin Kubura ta fita takaba kowa a Lafagu ya san mutum biyu ne ke jiran ta, kowa kuma ya san wanda ubanta ba zai bai wa ba.

Na farko Gidaɗo ne, wan mijinta marigayi, ɗan kasuwa mai jiragen ruwa da ke ɗaukar gishiri da atamfa tsakanin Dole Kaina da ƙasar Dahome. Na biyu Bunyaminu, malamin asibitin Bagudo, wanda ya dawo daga makarantar Zariya da farar riga da keke da baki mai zafi.

Laifin Bunyaminu ɗaya ne. A daminar bara ya miƙe a gaban dagaci da jama'a ya ce yankan belu, wato 'yar tsokar nan da ke reto a ƙarshen baki wadda wanzamai ke cirewa, ya ci jarirai a ƙasar nan fiye da yadda kada ya ci masunta. Sarkin Aska na zaune a wurin, hularsa a kan gwiwa. Sarkin Aska kuwa shi ne Maidawa, mahaifin Kubura.

Da budurwa ce da magana ta ƙare tun ranar. Amma Liman Usuman ya ce ita bazawara ce, ba ya ɗaura mata aure da kowa sai ya ji sunan mijin daga bakinta, a gaban shaidu. Aka tsayar da Jumma'ar da ke bin bikin mulkin kai.

Ranar bikin Kubura ta bi mata zuwa Bagudo. 'Yan makaranta na wucewa da 'yan tutoci kore da fari, ita kuwa ta zame ta tsaya a bayan dangar asibiti. Bunyaminu ya fito mata da shinkafar bikin a kwano. Ta kai loma ɗaya, ta runtse ido kafin ta haɗiye, ta mayar masa.

"Ba ki ci?"

"Maƙoshina ka ciwo. Nan, hagu. Har cikin kunne nike jin shi."

"Tun yaushe?"

"Ba ciwo yak kawo ni ba, Malam. Gidaɗo ya kawo ma Baba sabuwar alkyabba. Kai mi kak kawo mishi?"

"Gaskiya na kawo masa."

"Gaskiya." Ta yi ɗan murmushi, hawaye suka biyo bayansa. "Ni ka kwana gidan nan, ba kai ba. In na shiga ɗaki Inna na kuka, in na hito Baba ya kau da kai. Gwaggona ta ce in na kira sunanka ran Jumma'a kamar na ɗauki askarshi na jehwa kogin Kwara ta. Shi yac ci da ni da askan nan, Malam. Shi yat tuhwatar da ni da ita."

"To ki kira Gidaɗo mana."

"Kada ka yi mani Hausar Zazzau. Ka san wa za ni kira. Ina dai son ka san abin da za ya ci mani."

Ya kasa kunne. Muryarta ce ta dame shi, don ta yi nauyi kamar mai magana da tuwo mai zafi a baki.

"Buɗe bakinki in duba."

"A bakin hanya? Mata na kallo?"

"To shigo ciki."

"In shiga ɗakinka ran da garinmu duk shina Bagudo? Kai dai ba ka da tausai."

"To ji nan. Ki riƙa kurkure maƙogwaro da ruwan ɗumi da gishiri. In ya ƙaru ki aiko. Ko me za a yi, kada ki yarda a taɓa miki belu."

Ta gyara mayafinta. "Gidan Sarkin Aska nike, Malam."

Ta tafi.

Ba ta aiko ba. Zazzaɓi ya rufe ta washegari, Maidawa ya dubi 'yarsa ya ce belu ne ya sake tsirowa. Ya zaunar da ita a tsakar gida, ya danne harshenta da itace, ya yanke da 'yar lanƙwasasshiyar askar da ya gada daga ubansa. Ya yi aikin da kyau, hannunsa bai yi rawa ba. Ba belun ne ke ciwo ba, amma ba wanda ya tambaya. An yi wa kakarta haka, an yi wa uwarta, kuma a wurinmu wannan kaɗai ya isa hujja.

Kafin Jumma'a Kubura ta daina cin tuwo, ta daina shan kunu, daga baya ko yawunta ba ta iya haɗiyewa. Muƙamuƙinta ya ƙage. Ta zauna jingine da bango, kai a karkace hagu, tsumma a ƙarƙashin haɓa.

Da hantsi Liman Usuman ya zo da shaidu biyu. Aka shimfiɗa musu tabarma a bakin ƙofar ɗakin, asabari a tsakani.

"Kubura, ɗiyata, mutum biyu ka neman ki. Wa kike so?"

Ba amsa. Sai wani gurnani, da ƙarar numfashi.

Ya sake tambaya. Ya kuma sakewa.

Gidaɗo, da ke tsugune a gefe cikin shuɗiyar riga, ya gyara murya. "Allah shi gafarta Malam, ai kunya ta. Ta san ni tun tana amarya gidanmu. Shirun mace ba yarda ba ne?"

"Na budurwa. Wagga sai ta hurta."

"To in ba kunya ba ta, an rufe mata baki. Wa ad da riba in ba ta yi magana ba yau? An gan ta ran biki bayan asibiti, ya ba ta abinci a kwano. Loma guda tac ci."

Maganar ta zaga gari kafin a shiga masallaci. Mutumin da ya yi shekara yana zagin layu da rubutun sha a kasuwa, shi aka ce ya yi wa mace asirin kulle baki, kuma ba wanda ya ga abin dariya a ciki. Ba wanda ya ce a duba bakin. Aka tsaya shawarar wanda zai karya asirin.

Gidaɗo ya ce ya san wani boka a ƙetaren iyaka, gaba da Dole Kaina. Jirginsa na bakin ruwa. In an idar da la'asar za a ɗauke ta.

Inna Dela, mahaifiyar Kubura, tana jin su daga ɗaki. Da maza suka tafi masallaci ta ɗauki mayafi ta kama hanyar Bagudo a ƙasa.

Bunyaminu na wanke kwalabe ya ga ta tsaya a bakin ƙofa. Uwar da ake neman 'yarta ba ta zuwa wurin mai nema, ko a hanya suka haɗu sai ɗaya ya ratse. Ya rasa inda zai sa idonsa. Ya durƙusa.

"Inna, sannu da zuwa. Lafiya?"

Ta juya masa gefe, tana kallon bango.

"In kai kay yi, ka kwance. Don girman Allah. Ba ni hwaɗa ma kowa."

"In na yi me, Inna?"

"Ɗiyata guda ta. Maza ukku na haihwa, ita ta zo daga baya. Mijinta ya mutu ban yi kuka haka ba. In auren kaka so, ni za ni tsaya maka. Ka buɗe mata baki ta sha ruwa kawai." Kuka ya ci ƙarfinta, ta dafa ƙyauren.

Ya bar ta ta yi mai isarta. Sa'an nan ya fara tambaya, a hankali.

"Bakin yana buɗuwa?"

"Ɗan yatsa ba shi shiga sai da ƙyar."

"Yawu na zuba?"

"Kamar jinjiri."

"Wuyan ya kumbura? Wane gefe?"

"Hagu. Nan ƙarƙashin kunne."

"Bakin yana wari?"

Ta juyo ta dube shi karo na farko. "Wa yag gaya maka?"

"An yanke belun?"

Ta sunkuyar da kai.

Ya miƙe ya fara zuba kaya a jaka: sirinji, allurai, almakashi, aska a takardarta, filasta, kwalaben fenisilin.

"Inna, ba asiri ba ne. Maruru ne, irin wanda ke fitowa a cinya, sai dai nata a cikin maƙogwaro ya fito, a bayan ganda. Ƙwayoyin cuta ne suka taru suka yi mugunya, mugunyar ta rasa hanya. Ita ta ƙage mata muƙamuƙi. Ba kasafai ake ganin sa ba. In ya ci gaba zai toshe numfashi, ko ya fashe tana kwance ya shaƙe ta."

"Gidaɗo za ya kai ta Dahome da la'asar."

"A kwance a cikin jirgi?"

"Awo."

"Ba za ta kai Dole Kaina ba."

Asibitin Birnin Kebbi ne wurin wannan aiki, amma ruwan ƙarshen damina ya cinye hanya, motar da ta tafi tun makon jiya ba ta dawo ba. Ya ɗaure jakar a bayan keke. Inna Dela ta ƙi hawa, ta ce ya yi gaba, ita ba a gan ta tare da shi ba.

Ya tarar da su a zaure: Maidawa, Liman Usuman, Gidaɗo, da 'yan uwa da suka zo rakiya. An riga an fito da tabarma da bargon da za a shimfiɗa a jirgi. Ya yi sallama. Liman kaɗai ya amsa.

"Baba, na zo in duba Kubura."

"Ni ba babanka ba na," in ji Maidawa. "Ni mai kisan jarirai na."

Gidaɗo ya yi dariya. "Likitan kwalba ya iso. Ka ga wanda yak kulle ya zo da mabuɗi."

Bunyaminu bai kula shi ba. Ya bayyana wa Maidawa abin da ya gaya wa Inna Dela, bai ƙara ba, bai rage ba, sai dai bai ambaci belu ba. Wannan ne karo na farko da aka ga ya haɗiye magana.

"Ka taɓa yin aikin ga?" Liman ya tambaya.

"Na taɓa gani. Sau ɗaya, a Zariya, likita na yi ina riƙe da fitila."

"Kun ji ko," in ji Gidaɗo. "Riƙon hitila yak koyo."

"In an bar ta fa?" in ji Liman.

"In an kwantar da ita a jirgi, gawarta za a dawo da ita. In an bar ta a nan, watakila ta kai gobe."

Daga cikin gida ana jiyo numfashinta, yana ja kamar zarto a ɗanyen itace. Maidawa ya saurara. Ya shekara talatin da wani abu yana jin numfashin marasa lafiya, ya san wannan.

Gidaɗo ma ya ji, kuma ya ga fuskar Maidawa ta sauya. Ya matso.

"Baba Sarki, ni ban hana ba. Amma a duba. In ya taɓa ta bakin ya buɗe, ta kira sunanshi, mi gari za ya ce? Za a ce ya ɗaure ɗiyar Sarkin Aska ya kwance, ya amshe ta a kan haka, kana kallo. In don Allah yaz zo, shi janye neman auren gaban Liman. Sai mu san magani na, ba ciniki ba."

Maganar mugunta ce, amma an shirya ta da kyau. 'Yan uwa suka gyaɗa kai. Maidawa ya ɗago ya dubi Bunyaminu ido cikin ido.

"Ka ji. Ka yi mani alkawari ba ka ƙara tada maganar aurenta, ni kau in bar ka ka shiga."

"Baba, wannan ba daidai ba ne. Ciwo daban, aure daban."

"Gidana na."

"Allah gafarta Malam, ka ji abin da ake yi?"

Liman ya shafa gemu. "Ni dai ba ni tilasta maka. Ba ni kuma da ikon shigar da kai gidan mutum."

Bunyaminu ya dubi bargon da ke naɗe a bakin ƙofa. Yana da jawabi a bakinsa, irin wanda ya saba yi, a kan jahilci da mulkin kai da mutanen da aka ba ƙasa ba su iya riƙe ran 'ya'yansu ba. Numfashin Kubura ya tsaya a cikin gida, ya ɗan jima, sa'an nan ya dawo.

"Na janye," ya ce. "Na yi maka alkawari a gaban Liman. A sa ruwa a wuta."

Ya sa aka fito da ita tsakar gida inda rana ke da ƙarfi, aka kife turmi aka zaunar da ita. Ta rame, leɓunanta sun tsage. Da ta gan shi ta yi ƙoƙarin jan mayafi, hannun bai kai ba. Zaure da ɗakinta katanga ɗaya ce tsakani, idonta ya nuna ta ji komai.

Bai gaishe ta ba. Ya taɓa wuyanta ta hagu, ta zabura. Ya zuba allurai da aska da almakashi da cokali a tukunyar da ke tafasa, ya wanke hannu da sabulu har gwiwar hannu.

Inna Dela ta shigo, ƙafafunta duk laka. Ba wanda ya tambaye ta inda ta fito. Ya miƙa mata madubinta na kwalliya ya nuna mata yadda za ta karya hasken rana ya faɗa cikin bakin.

"Ina son wanda zai riƙe kanta, kada ya motsa ko kaɗan."

'Yan uwa suka dubi juna. Maidawa ya tuɓe babbar rigarsa ya ajiye. Ya tsaya a bayan 'yarsa, ya haɗa kanta da ƙirjinsa, tafi ɗaya a goshi, ɗaya a haɓa.

"Kubura, buɗe iyakar yadda za ki iya. Zai yi zafi. Ƙara. Ƙara kaɗan."

Ya zura bakin cokali a hankali ya danne harshe. Hasken ya yi rawa, ya tsaya. Gefen hagu na ganda ya kumbura ya yi ja yana ƙyalli, ya turo har ya wuce tsakiya. Guntun belun da aka yanke ya karkace dama, bakin yankan ya yi fari.

"Baba, leƙo ka gani."

Maidawa ya leƙa ta saman kanta. Ya daɗe yana kallo.

Bunyaminu ya fara da allura. Ya ce in jini ya gani zai tsaya, don bai sami wurin ba ke nan. Ya soka a inda kumburin ya fi tsini, ya ja. Sirinji ya cika da wani abu mai kauri, ruwan ɗorawa da kore-kore. Warin ya sa mata biyu suka ja da baya.

Ya ɗaga sirinjin sama yadda na bakin zaure za su gani, sa'an nan ya ajiye. Ya ɗauki askar ya naɗe ta da filasta, ya bar ɗan tsininta kawai, kamar ƙwayar shinkafa.

"Don mi kaka rufe kaihin?" in ji Maidawa. Muryar mai sana'a ce, ba ta uba ba.

"Akwai babbar jijiyar jini a baya. In aska ta zarce, ko likitan Birnin Kebbi ba zai tsayar da shi ba."

"Hannunka na rawa."

"Na sani."

"Dahe gwiwar hannun bisa kahwaɗata."

Ya dafa. Ya tsaga wurin da allura ta shiga, ɗan kaɗan, ya sa bakin almakashi ya buɗa.

"Sunkuyar da ita! Kanta ƙasa!"

Maidawa ya tura ta gaba. Mugunya da jini suka zubo cikin ƙwarya, ta yi tari, ta tofar, ta sake tofarwa. Inna Dela ta saki madubin tana salati. Kubura ta ja numfashi mai tsawo, na farko da ba a ji ƙararsa ba tun kwanaki.

Ya ba ta ruwan ɗumi da gishiri ta yi ta kurkurewa har ya fara fitowa fari. Ya yi mata allurar fenisilin. Ya ce kada a kwantar da ita rigingine, a jingine ta, kuma allurar sai an yi ta kullum har kwalaben su ƙare, in ba haka ba ciwon zai dawo. Sa'an nan ya kwashe kayansa ya koma zaure ya zauna a bakin ƙofa, nesa da kowa.

Aka yi la'asar. Bayan an dawo Inna Dela ta leƙo ta ce Kubura ta sha kunu rabin ludayi, ta kuma ce a ƙara mata.

"Da bakinta tac ce?" in ji Gidaɗo.

"Da bakinta."

"Alhamdu lillahi. To Malam, yau Jumma'a, ga shaidu ba su watse ba. Mi muka jira?"

"Ba ta da ƙarfin magana," in ji Bunyaminu. "A bar ta ta huta."

"Kai kuma a wane matsayi? Aikinka ya ƙare. An gode."

Liman ya dubi Maidawa. Maidawa ya ɗaga kafaɗa. Aka sake shimfiɗa tabarmar a bakin ɗakin, aka saki asabari. Bunyaminu bai bi su ba, ya fita ya fara ɗaure jaka a keke, amma ƙofar zaure a buɗe take.

"Kubura, ɗiyata, sannu da jiki. Kina ji na?"

"Ina ji, Malam." Muryar ta dushe, kamar ta tsohuwa, amma kowace kalma ta fito.

"Ke bazawara ta, shari'a ta ba ki bakinki. Wa kike so a ɗaura miki aure da shi?"

"Bunyaminu."

Igiyar ɗaurin jakar ta kuɓuce daga hannun Bunyaminu.

Liman ya yi gyaran murya. "Ɗiyata, wataƙila ba ki sani ba. Malam Bunyaminu ya janye ɗazu, gaban shaidu."

"Na ji shi." Ta tsaya ta haɗiyi yawu, aka ji tana jan numfashi don zafi. "Ni ban janye ba."

"Gidaɗo hwa?"

"Wan mijina na. Allah shi saka mishi. Ba ni so."

Gidaɗo ya miƙe. "Wanga wasa na. Mutum ya janye, a kira sunanshi? A kira shi shi maimaita gabanta, ta ji da kunnenta, ta san ba ta da kowa sai ni." Ya nufo zaure. "Kai, likitan kwalba, zo ka hwaɗi abin da kac ce."

Bunyaminu ya shigo. Ya tsaya a tsakar gida inda turmin yake a kife har yanzu. Ta cikin asabari yana ganin inuwarta a jingine da bango.

"Na yi alkawari," ya ce. "Ba zan karya ba."

Aka ji kukanta, a hankali, don maƙogwaron bai yarda da mai ƙarfi ba.

"To shi ke nan," in ji Gidaɗo. "Malam, a ɗaura."

"Da wa?" in ji Liman. "Ta ce ba ta so. Na ji, shaidu sun ji." Ya naɗe buzunsa.

"Baba Sarki, kana ji? Alkawarin da anka yi muna…"

"Wa anka yi ma?" Maidawa bai ɗaga murya ba. Yana zaune a bakin rijiya yana wanke hannu, ƙwaryar mugunyar na gefensa, ya hana a zubar. "Ni anka yi ma, Gidaɗo, ba kai ba. Jirginka na jiran ka. A ɗauke bargon ga daga ƙohwata."

Gidaɗo ya dubi 'yan uwa ɗaya bayan ɗaya. Ba wanda ya ɗago kai. Ya shuri takalmansa ya fita, bai yi sallama ba.

Maidawa ya share hannu da gefen wandonsa, ya mayar da rigarsa. Ya zo ya wuce Bunyaminu kamar bai gan shi ba, sai da ya kai bakin zaure ya tsaya.

"Allurar, kac ce kullum?"

"Kullum, Baba. Da safe."

"To ka zo. Ka tsaya zaure ka yi sallama, ni za ni shigo da kai, ni za ni hito da kai."

Bunyaminu ya bi bayansa har waje. Ya kama kan keken, ya saki.

"Baba, maganar kuwa…"

"Wace magana?"

Ya buɗe baki, ya tuna abin da ya ɗauka a gaban Liman, ya rufe.

Maidawa ya dube shi daga hula har takalmi.

"Alkawarinka na hannuna," ya ce. "Ban sake ka ba."

Ya koma ciki ya ja ƙyauren.